Tsohuwar Marsandi ko Datsun 240Z: yadda ake gwada su kafin a miƙa kuɗi

Tun da samarinmu suka fara ganin hotunan tsofaffin motoci a waya, tambayar da ake yawan kawo mini gareji ita ce: in mutum ya samu hali, tsohuwar Marsandi irin ta manya zai nema, ko 'yar ƙaramar motar gudun nan mai kujera biyu? Ni bakanike ne, a Kano na koyi aiki, yanzu ina zaune a ƙauyenmu cikin ƙasar Ringim. A kan motoci biyu zan ɗora bayanina, don su na sani ciki da bai. Ta farko Marsandi S-Class ƙirar W126, wadda na daɗe ina tuƙa wani hakimi a cikinta, ni ne kuma mai gyaranta. Ta biyu Datsun 240Z ta wani dattijo da ya yi karatu a Amurka ya taho da abarsa, har gobe ni nake duba masa ita. Hanyar gwajin za ta yi wa kowa aiki, ko da Jaguar ce ko Porsche a gabansa.

Ka fara ajiye maganar gudu a gefe, don a nan ake ruɗar mutane. An nuna W126 a baje kolin motoci na Frankfurt a Jamus cikin Satumban 1979, aka ci gaba da ƙera ta har 1991. Fitowarta ta zo daidai da hawan Alhaji Shehu Shagari mulki, shi ya sa wasu da sunansa suke kiranta. Samfurin 280 SE injinta silinda 6 ne, lita 2.8, ƙarfin doki 185, tana kai kilomita 210 a awa ko kusa da haka. Ita 240Z ta girme ta da shekara 10. A ƙarshen 1969 kamfanin Nissan ya fitar da ita, silinda 6, lita 2.4, doki 151 a takarda, ƙarshen gudunta wajen 200. Ka ga ke nan a miƙaƙƙen titi motar manyan ce za ta bar motar gudun a baya. Inda suka rabu shi ne nauyi. Marsandin ta haura kilo 1,500, Datsun ɗin kaɗan ta ɗara 1,000. Wannan rabin tan ɗin shi za ka ji a hannunka in ka shiga kwana, shi za ka ji a ƙafarka in ka taka birki, shi ne kuma zai binne ka a rairayi. Dokin hawan sallah da dokin sukuwa duk dawakai ne, amma ba da mudu ɗaya ake auna su ba, kuma kowanne da irin kiwon da yake buƙata.

To da me za a auna? Da mutanen da za su hau, da hanyar da za a bi, da man da za a zuba, da inda za a samo kayan gyara. A haka nake jera su, kuma ban yarda a tsallake na farko ba.

Wa zai hau? A garuruwanmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Duk wanda ya ajiye mota a ƙofar gida ya san za a buga masa ƙofa da tsakar dare a kai mai naƙuda asibiti, za a ce a kai dattawa ɗaurin aure, a kai mata ta'aziyya. Datsun 240Z kujera biyu gare ta tak. Bayan kujerun wani ɗan fili ne a ƙarƙashin ƙofar gilashi mai ɗagawa sama, zai ci jaka biyu, ba zai ci buhun gero ba. An yi 260Z mai ƙarin kujerun baya daga 1974, amma su ma na yara ne. Da ɗan ƙanena ya ce mini, "Baffa, ai ni kaɗai zan riƙa hawa," sai na ce, "Ɗana, ranar da Inna ta ce ka kai ta dubiya Gumel ita da maƙwabtanta biyu, wa za ka bari a ƙasa?"

Shawarata ka je ganin motar da kayan da kake sawa ranar Juma'a. Ka shiga Datsun ɗin da babbar riga da hula. Kusan a ƙasa ake zama, ƙafafu a miƙe gaba, kuma fita sai ka dafa bakin ƙofa ka ɗago kanka. Mai ciwon gwiwa ya gwada sau biyu ya ji. Sannan ka shiga bayan Marsandin. Mai gidana hakimi da rawaninsa yake shiga, ya zauna ya baza riga, rawanin bai taɓa rufi ba. Masu harafin SEL sun fi na SE tsawo da santimita 14, kuma duk ƙarin a wajen ƙafar mai zaman baya aka yi shi.

Sai hanya. Ka tafi da tef na awo, kada ka yarda da ido. Ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi kusa da ƙasa a cikin motar, yawanci tukunyar baƙin mai ce ko salansa. Duk biyun ba dogayen motoci ba ne, kuma shekaru sun sa sifirin ya kwanta, ga shi masu motocin gudu da yawa da gangan suke sa a rage musu tsayi don ado. Sannan ka auna tsakanin tayar gaba da ta baya. Na Marsandi SE ya kusa mita 3, na SEL ya ɗara, na Datsun mita 2.3 ne. Doguwar ita ce cikinta ke gogar tudun rage gudu da ake yi a bakin kasuwanni. Gajerar za ta haye lafiya, amma dogon hancinta shi ke bugun ƙasa in ana gangarawa kwari. Abin da ya fi cin motoci a wajenmu shi ne sawun tarakta da amalanke bayan damina, inda gefe biyu suka zurfafa aka bar tudu a tsakiya. In irin wannan hanyar ce ke kai wa gidanka, ka je ka auna tudun nan tukuna, ka riƙe adadin a ka kafin ka je wajen mai mota.

Za a ce maka ai 240Z ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka. Gaskiya ne, Edgar Herrmann ya ci da ita a 1971, Shekhar Mehta kuma a 1973, a kan munanan hanyoyin Kenya da maƙwabtanta. Wannan shaida ce cewa injin da ƙashin motar masu juriya ne. Amma waɗancan motocin an ɗaga su, an ƙarfafa ƙafafunsu, an rufe cikinsu da faranti, ga kanikawan kamfani na jiransu a kowane zango. Taka ba haka za ta zo ba.

A rairayin jigayinmu duk biyun da tayoyin baya suke ja, duk biyun kuma za su kafe in ka tsaya a tsakiya. Rage iskar taya na taimakawa. Bambancin shi ne samari huɗu za su ture Datsun su fitar da ita, Marsandi kuwa in ta zauna a kan cikinta sai an nemo tarakta ko shanun huɗa.

Yanzu ka sa a hau da motar kan rami, ko a ɗaga ta da jak a sa mata waigi mai ƙarfi, ka shiga ƙasa da tocila da sukundireba. Duk biyun ba su da shasi daban, bodin shi ne ƙashin motar, don haka tsatsa a nan karaya ce. A Datsun ka duba daɓen da ake taka ƙafa, da dogayen ƙarafa biyu da suka bi ƙarƙashinsa zuwa wajen inji, da ƙasan mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga yana ci, da bakin ƙofar baya. Ƙarfenta siriri ne, tsatsa ba ta daɗewa take huda shi. A Marsandi ka duba ramukan nan huɗu da ake zura jak, da bakin tayoyi, da ƙasan robar gilashin baya, sannan ka ɗaga shimfiɗar but ka leƙa lungunan gefe inda ruwa ke kwanciya. Ka naɗe maganaɗisu a tsumma ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wajen da fila an shafe da fenti.

A nan ƙasarmu ta yi mana rana. Motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Jigawa sau da yawa cikinta ya fi na wadda ta fito Turai tsafta, don can gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, haka ma wadda ta zauna Legas iskar teku ta ci ta. Namu ciwon daban ne: rana da ɓera. Rana ke fasa dashbod ɗin Datsun, ta busar da fatar kujerun Marsandi, ta tsattsage katakon adonta, ta mayar da duk wata roba kamar busasshen ƙanzo. Motar da aka ajiye kusa da rumbu kuwa, ka buɗe bonet ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka sunsuna cikin hanyar iskar esi. In ka ga ɓawon gyaɗa a kan inji, ka sa kuɗin mai wayarin cikin lissafi.

Robar ƙofar bayan 240Z tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yadda aka ƙera bayan motar, in robar ta mutu, iska na juyo da hayaƙin salansa cikin mota, musamman in an sauke gilashi. Da hunturu kuma ƙurar burji ta nan take shigowa. In ka yi tafiyar minti 20 ka ji kanka na sarawa, to daga nan ne, kuma ba abin wasa ba ne.

Tayar da inji a yi shi da sassafe, bayan sallar asuba, kuma ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake. Injin da aka ɗumama kafin ka zo ya ɓoye rabin ciwonsa. A Marsandi ka kasa kunne daƙiƙun farko. In ka ji ƙarar sarƙa ta ɗan lokaci, sarƙar taimin ce ta saki ko robobin da ke riƙe da ita sun gaji, kuma a masu silinda 8 in robar nan ta karye tana iya kashe injin gaba ɗaya. Allurar baƙin mai ta haura zuwa 3 da zarar ka taka totur. A Datsun akwai cok na hannu kusa da giya, ka ja shi, in ta ɗauka ka mayar a hankali. Shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, baƙi fetur ya yi yawa, farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara a jikinsa, gasket ya tafi. Daga nan ka bar ta a sulo rabin awa cikin rana, Marsandin da esi a kunne, ka zuba wa allurar zafi ido. Motar da ba ta jure tsayuwa a watan Afrilu ba, ba ta ƙasar nan ba ce.

Maganar fetur ita ce inda na fi son mutum ya nutsu, don a nan ne ƙaramar motar ke rama abin da aka ci ta a baya. Marsandi 280 SE da 'yan uwanta na amfani da injekta irin ta Bosch da ake kira K-Jetronic. Akwai wani kai a saman inji da ke raba fetur zuwa kowace silinda ta siraran bututan ƙarfe, kuma abin da ke cikinsa an ƙera shi daidai wa daida, ƙwayar rairayi ɗaya ko ɗigon ruwa na hana shi aiki. In mota ta daɗe a ajiye, tsohon fetur ya daskare a ciki. Mu kuwa da yawanmu gidan mai ya yi mana nisa, man kwalba da na jarka muke saye a bakin hanya. Gyaran kan nan sai da agogon awon ƙarfin mai da wanda ya san shi, kuma irin waɗannan kanikawan sun yi ƙaranci ko a cikin Kano. Shi ya sa za ka tarar an cire wa da yawa injektar an ɗora kafireta. Motar za ta tafi, amma ƙarfinta da darajarta sun ragu, ka sa wannan a ciniki. Akwai 280 S wadda daga kamfani da kafireta ta zo, ita ba a taɓa ta ba ne.

Datsun kafireta biyu gare ta na Hitachi, kowace na ciyar da silinda uku. A kan tabarma a gindin darbejiya nake kwance su, da sukundireba da sifana biyu, in wanke da fetur, in hura, in ɗiga ɗan mai a saman kowace, in mayar. Daidaita su nake yi da guntun tiyo: baki ɗaya a kunnena, ɗaya a bakin kafiretar, in saurari shan iskar ta gaba, in saurari ta baya, in yi ta juya sukuru har muryoyinsu su zama ɗaya. In suka daidaita, sautin injin nan na canzawa nan take, ya koma santsi tun daga sulo har sama. Ba kwamfuta, ba wani abin da yaron gareji mai hankali ba zai koya ba. Ta wannan fuska motar gudun ta fi motar manyan dacewa da ƙauye, kuma mutane ba sa zaton haka.

Sai tuƙi. In da hali a yi su rana ɗaya a hanya ɗaya, kwalta da burji duka. Ni nakan bi titin Ringim zuwa Taura, sannan in sauka wata hanyar ƙauye. Marsandi mai lafiya shiru take, ramuka na wucewa ƙarƙashinka kana jin labarinsu daga nesa. Da yawa masu giyar otomatik da giya ta biyu suke tashi in ba ka taka sosai ba, kada nauyin tashin ya tsorata ka. In tana buga giya da ƙarfi, a fara duba siraran tiyon iska kafin a zargi giyabos, sau da yawa ɗaya ne ya tsage. In tana yawo a titi kana ta gyara sitiyari, akwatin sitiyarin ya yi wasa ko robobin ƙafa sun mutu. Datsun kuwa komai za ka ji: tsakuwa a tafin hannunka, zafin giyabos a cinyarka, ƙarar inji a ƙirjinka. Sitiyarinta ba na fawa ba ne, juyawa a tsaye sai da ƙarfi, amma da ta fara tafiya inda ka kalla nan take nufa. Wanda bai ji daɗin wannan a kilomita 10 na farko ba, kada ya saya, don ba zai ji daga baya ba.

Ka gwada birki da gaske a fili inda ba kowa. Marsandi faifai ne a ƙafa huɗu, wasu har da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Datsun faifai a gaba, ganga a baya. A hanyar da akuya ko garken shanu ke faɗowa ba sallama, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. In kuma aka yi karo, Allah ya kiyaye, W126 an gina ta ne gaba da baya su lanƙwashe su bar ɗakin mutane, kuma tun 1981 ake sa wa wasunsu jakar iska a sitiyari, ko da yake jakar da ta shekara 40 ba abin dogaro ba ce. A Datsun bel ne kawai tsakaninka da ƙarfe.

Kafin ka yi ciniki, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da abu uku a rubuce: gilashin gaba, fitilar baya, famfon ruwa. Ka tambayi kuɗinsu na kowace mota, ka ga wanne za a ɗauko maka yanzu, wanne za a ce ka dawo. An ƙera W126 mai ƙofa huɗu sama da 800,000, kuma ba kaɗan suka shigo ƙasar nan ba. Wadda na fi so ita ce 300 SE da ta fito daga 1985, saboda injinta ɗaya ne da na V-boot 300E, kayansa na nan birjik. Na 280 SE ma ɗaya ne da na tsohuwar 280E. Masu silinda 8, wato 420 da 500 da 560, daɗinsu ba a magana, amma tankin lita 90 ne kuma ba ya daɗewa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa kowa ya san abin da cika shi ke nufi. Wasunsu kuma ƙafar baya da mai take ɗagawa, gyaranta tsada. Injin Datsun ɗan gidan su Laurel ne da tsohuwar Patrol, don haka ana dacewa da wasu kayan cikinsa. Amma gilashi, fitila, bamba da robobin ƙofa sai an yi odarsu daga Amurka ko Japan da dala, a jira. Dutse ɗaya daga tayar tirela na iya zaunar da ita wata da watanni.

Takardu kuma kada kunya ta hana ka bincike. Ka karanta lambar shasi a jikin motar da idonka ka gwada da ta takarda. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. 240Z da ta fito Japan ko Ingila a dama sitiyarinta yake, ta Amurka ce ke da shi a hagu, kuma wadda aka juya wa sitiyari a gareji ban ba kowa shawarar ya hau ba. Kwastam na da iyakar shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, waɗannan kuwa sun wuce ta nesa, don haka wadda ke cikin ƙasa da takardunta za ka nema. Yawancin irinsu kayan gado ne. Ka tabbatar duk magada sun yarda, mata da maza, a rubuta a sa hannu gaban shaidu, in a ƙauye ne da sanin dagaci ko mai unguwa. Na ga motar da aka gama gyarawa tsaf sannan wani ɗan mamacin ya dawo daga tafiya ya ce bai sayar ba.

In ka tambaye ni, mai mota ɗaya da iyali ya ɗauki 300 SE mai cikakkiyar injekta, ya sa mata matatar mai sabuwa, ya riƙa shan mai a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi. Datsun ta wanda ke da wata motar ta yau da kullum ce, mai kwalta har kusa da gida, mai haƙurin jiran kaya, wanda kuma tuƙin kansa yake so ba isa wuri ba. Ni a raina ita na fi ƙauna, kuma duk ranar da dattijon nan ya ce in zagaya da ita, da farin ciki nake kwana.

Kowacce ka ɗauka, kada ka zuba duk kuɗinka a saye, ka ware kashi ɗaya cikin uku na gyaran farko, don araha ba ta ado. Ka fara da taya: a gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kuma tayar da ta daɗe a canza ta ko da zanenta bai cinye ba. Sai tiyon birki da man birki, sai a sauke tanki a wanke, a canza tiyon fetur da na lagireto da fanbel. In esin Marsandin har yanzu na tsohon gas R12 ne, a mayar da shi R134a. Ka sa mai walda ya yanka maka farantin ƙarfe ya ɗaura ƙarƙashin tukunyar baƙin mai, ya bar ƙofar juye mai. Sannan ka kafa mata rumfa nesa da rumbu, kuma ko ba ka da inda za ka, ka fita da ita duk mako ta yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai.